Haraji Kan Kuɗin Yajin Aiki: Sau Nawa Za A Yanki Kwabo Ɗaya?

Ranar 15 ga Satumba, 2023, ma'aikatan ƙera motoci a Amurka suka ajiye kayan aiki. Ƙungiyarsu ta UAW, ƙarƙashin jagorancin Shawn Fain, ta ja daga da manyan kamfanoni uku a lokaci guda, wato Ford da General Motors da Stellantis. An fara da masana'antu uku, aka riƙa ƙara wasu sannu a hankali, har aka shafe kusan mako shida ana kai ruwa rana. Duk wanda ya fita yajin, albashinsa ya tsaya cak. Abin da ya riƙe masa gida shi ne dala 500 da ƙungiya ke ba shi kowane mako daga asusun yajin aiki, wanda ya kai kimanin dala miliyan 825 ranar da aka fara. Tsohon ma'aikaci mai karɓar wajen dala 32 a awa ɗaya, wannan kuɗi bai kai rabin albashinsa na mako ba.

An sasanta, an koma bakin aiki, an yi murna. Da sabuwar shekara ta kama sai takarda ta iso gida. Ƙungiya ta sanar da hukumar tara haraji ta IRS abin da ta ba kowa, doka kuma ta ce wannan kuɗin shiga ne kamar albashi. Wanda ya yi mako shida a waje ya karɓi dala 3,000. In yana cikin masu biyan kashi 12 cikin ɗari, gwamnatin tarayya na binsa dala 360. In na kashi 22 ne, dala 660. Da yake ba a cire komai ba lokacin da ake raba kuɗin, sai lissafin ya faɗo masa gaba ɗaya, a daidai lokacin da yake fama da basussukan da yajin ya bar masa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ni dai ban ga dalilin karɓar wannan haraji ba, kuma ba tausayi ne hujjata ba. Tausayi ba ya tsayawa a gaban akanta. Hujjata ta lissafi ce: kuɗin nan an riga an yanke su tun suna hanyar shiga asusu, yanke su kuma a hanyar fita cin haƙƙi ne da aka sa wa rigar doka.

Daga ina asusun yajin aiki yake samun kuɗi? Ba kamfani ne ke zubawa ba, ba kuma gwamnati ba. A UAW, ma'aikacin masana'anta kan ba da ladan awa biyu da rabi na aikinsa kowane wata a matsayin kuɗin ƙungiya, wani kaso na ciki yana tafiya asusun yaji. Daga albashin da aka riga aka lissafa wa haraji ake cire shi. A da akwai 'yar kafa da wasu ke bi su sami rangwame a kan wannan kuɗi, amma dokar haraji ta 2017, zamanin mulkin Trump na farko, ta toshe ta tun daga 2018. Ke nan ma'aikaci ya biya haraji a kan dalar da ya zuba, ranar da ta dawo hannunsa kuma aka ce masa sabuwar dala ce, ya sake biya.

Duk macen da ta taɓa zubin adashe ta san bakin zaren. Mata goma suna zuba dubu biyar-biyar, ranar ɗaukarki ta zo uwar adashe ta miƙo miki dubu hamsin. Kin yi riba? Ko kwabo. Guminki ne da na 'yan'uwanki aka tara wuri ɗaya domin ya yi auki ranar buƙata. In wani ya tsare ki a bakin ƙofa ya ce kin samu dubu hamsin, kawo rabon hukuma, ai kowa a unguwar zai ce wannan fashi ne da rana tsaka. Bambancin kawai shi ne a asusun yajin aiki ba a bin layi. Wanda wuta ta kama gemunsa shi ke ɗauka.

A nan ne masu goyon bayan haraji ke ɗaga yatsa, kuma suna da abin faɗa. Sun ce ai ba kowa ne ke karɓar daidai abin da ya zuba ba. Yaron da ya shiga aiki bara bai zuba ko dala dubu ba, ga shi ya kwashi dubu uku. Rarar nan ba ƙaruwar dukiya ba ce? Ƙaruwa ce a wurinsa, babu musu. To amma wa ya yi asararta? Dattijon da ya shekara ashirin yana zubi bai taɓa fita yaji ba, ko na wata masana'anta da ba a kira su fito ba. Wannan dattijo ya biya haraji a kan kowace dala da ya zuba, ba a kuma taɓa mayar masa da ko sisi ba don bai ci moriyarta ba. In ka dubi ma'aikatan a dunƙule, hukuma ta riga ta cire rabonta daga duk abin da suka tara. Iyakar abin da za a iya cewa sabo ne shi ne ribar da asusun ya haifa in an juya shi, wannan kuwa ba shi ne ƙashin bayan kuɗin ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dokar Amurka da kanta ta yarda da wannan ƙa'ida a wani wurin. Idan mutum ya sayi inshorar naƙasa ko rashin lafiya da kuɗinsa da aka riga aka cire wa haraji, ranar da ciwo ya kwantar da shi kamfanin inshora ya fara biyansa, ba a taɓa kuɗin, ko da ya ninka abin da ya zuba sau ɗari. In mai gidansa ne ya saya masa inshorar ba a lissafa masa a albashi ba, sai a karɓi haraji ranar biya. Yanka ɗaya dai, ko a farko ko a ƙarshe. To me ya sa da ma'aikata suka haɗa kai suka yi wa kansu irin wannan tanadi sai ƙa'idar ta canza? Laifin tanadin ne, ko laifin masu tanadin?

Masu goyon bayan harajin sun kuma kawo batun adalci tsakanin maƙwabta. Ga mutum biyu a layi ɗaya, ɗaya ya tashi tun asuba ya yi aiki ya sami dala 3,000 aka cire masa haraji, ɗayan ya riƙe kwali a bakin ƙofar masana'anta ya sami dala 3,000 ba a taɓa shi ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma an haɗa abin da bai haɗu ba. Kuɗin na farko sabo ne, daga aljihun mai kamfani ya fito, ba a taɓa lissafa shi a kan wani ma'aikaci ba. Na biyun tsohon kuɗi ne da ya yi kewaye ya dawo gida. Kuma ina masu wannan tsantseni suke a 2025, lokacin da majalisar Amurka ta ba da rangwamen haraji a kan tukwicin da ake ba masu hidima a gidajen abinci da kuma wani ɓangare na ladan ƙarin lokaci? Tukwici dai kuɗin shiga ne tsagwaronsa. Ashe in ana neman ƙuri'a ƙa'idar nan takan yi laushi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ta nuna yadda wannan tsari ke ƙasƙantar da mutum. A watan Afrilun 1954 aka fara yajin aiki a kamfanin Kohler da ke jihar Wiskonsin, masu ƙera bahon wanka da kan famfo, yajin da ya ɗauki shekaru yana ci. Cikin waɗanda suka fita akwai Allen Kaiser, wanda a lokacin ko ɗan ƙungiya bai zama ba. Da abin hannunsa ya ƙare sai ya je wurin UAW neman taimako. Aka yi masa tambayoyi kan halin da yake ciki: yana da iyali, yana da wata hanyar samu? Ba a ba shi tsabar kuɗi ba. 'Yar takarda ake ba shi ya kai kanti ya karɓi abinci, a kuma biya masa hayar ɗaki. Jimillar abin da ya amfana da shi a wannan shekara bai wuce dala 565 da 'yan kwabbai ba. A kan burodi da hayar ɗakin nan hukumar haraji ta ce sai ya biya. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 1960 ta bar hukuncin masu taya alƙali yanke shari'a yadda yake, cewa abin da aka ba Kaiser kyauta ce, kyauta kuwa ba a karɓar harajin kuɗin shiga a kanta daga wanda aka ba.

Kaiser ya yi nasara, amma dubi ƙofar da ya bi. Sai da aka tabbatar cewa shi mabuƙaci ne, ba shi da wani haƙƙi a kan abin da ya karɓa, alheri kawai aka yi masa. Kotun ba ta ce duk kuɗin yaji kyauta ba ne, kuma a shari'o'in da suka biyo baya galibi hukumar ce ke yin rinjaye, musamman inda ake biyan 'yan ƙungiya tsabar kuɗi ba tare da binciken talaucinsu ba. Sakamakon shi ne wanda ya zo hannu rabbana za a iya ƙyale shi, wanda kuwa ya shekara da shekaru yana tanadi da guminsa shi ake damƙa. Wace irin doka ce ke saka wa mai tanadi da tara? Ni ba na son a kare kuɗin yaji da sunan kyauta ko sadaka. Haƙƙin mai shi ne.

Ba ko'ina ake bin hanyar Amurka ba. A Ingila hukumar haraji ba ta ɗaukar abin da ƙungiya ta ba ɗanta lokacin yaji a matsayin ladan aiki, domin ƙungiyar ba ita ta ɗauke shi aiki ba. A 1990 Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Fries, ta ce ba ta gamsu cewa kuɗin yaji na cikin kuɗin shigar da doka ke nufi ba, kuma in akwai shakka mai biyan haraji ake ba rinjaye. A wannan shekarar dai babbar kotun haraji ta Jamus ta yanke cewa ba a biyan haraji a kansa. Waɗannan ba ƙasashe ne masu wasa da haraji ba.

Sai dai Kanada da Jamus sun wuce inda hujjata ta tsaya. A can ana ba ma'aikaci rangwame a kan kuɗin ƙungiyar da yake zubawa, sannan a ƙyale shi ranar karɓa. Kuɗin ya shiga ba yanka, ya fita ba yanka. In wani ya ce wannan gata ne ba adalci tsantsa ba, ba zan yi jayayya da shi ba. Ƙasa na iya zaɓar ta yi wa ma'aikatanta gata, kamar yadda take yi wa masu zuba jari dare da rana, amma wannan wata muhawara ce daban. Abin da nake tsaye a kai shi ne yanka ɗaya. In kuma aka ce in zaɓi lokacinsa, to a yanka ranar zubi, lokacin da albashi ke shigowa tukunya na kan wuta, ba ranar da murhu ya yi sanyi ba.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce gwamnati 'yar ba-ruwanmu ce a rikicin ma'aikaci da mai gida, in ta yafe haraji a kan kuɗin yaji ta ɗauki ɓangare. Da ma haka ne da an huta. General Motors ta ce yajin 2023 ya jawo mata asarar kimanin dala biliyan 1.1, Ford ta ce tata ta kai biliyan 1.7. Ribar da ta ragu, harajinta ma ya ragu. Za a ce shi ma ma'aikaci ba ya biyan haraji a kan albashin da bai samu ba, an yi kunnen doki. Na yarda. To kuɗin faɗan fa? Abin da kamfani ya kashe wajen ɗauko lauyoyi da masu gadi da ma'aikatan maye gurbi, waɗanda dokar Amurka ta halatta ɗauka tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1938, duk ana lissafa shi cikin ɗawainiyar kasuwanci, a cire kafin a taɓa riba. Da yake harajin kamfanoni kashi 21 ne cikin ɗari, baitulmali ce ke ɗauke wa kamfani kusan ɗaya bisa biyar na kuɗin yaƙinsa. Guzurin yaƙin ma'aikaci kuwa sau biyu ake yankarsa. Alƙalin wasan da ya ɗaure wa ɗan dambe ɗaya hannu ba zai ce ba ruwansa ba.

Gwamnatoci sun san sarai cewa irin waɗannan ƙananan ƙa'idoji makami ne. Gwamnatin Margaret Thatcher ta yi doka a 1980 da ta ce a ɗauka cewa duk mai yaji ƙungiyarsa na biyansa, a zabtare wani adadi daga tallafin da hukuma ke ba iyalinsa. Lokacin yajin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 fam 15 ake cirewa kowane mako, daga baya ya koma 16, alhali ƙungiyar mahaƙan ba ta biyan kuɗin yaji. An yi wa mata da yara lissafin kuɗin da ubansu bai taɓa gani ba.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a zuciyata ita ce ta bayin Allah da yaji ke cutarwa ba su ji ba su gani ba: ɗalibin da ya tsufa a gida, mai naƙudar da ta tarar da asibiti a rufe. In an sauƙaƙa wa mai yaji, ba za a ƙara tsawon yajin ba? Ban raina wannan tambaya ba. Amma wane ma'aikaci ne zai yanke shawarar ajiye aiki ko komawa saboda dala 360 da za a tambaye shi watanni bayan an gama komai? Harajin ba ya gajarta yaji ko da kwana ɗaya, iyakarsa ya bi mutum da cizo bayan ƙura ta lafa. Jamus, inda manyan ƙungiyoyi ke da asusu mai ƙarfi ba kuma a taɓa kuɗin, ba ta kai maƙwabciyarta Faransa yawan kwanakin yaji ba. Mu ma a nan gida Nijeriya gani ya kori ji. Malaman jami'a na ASUU sun fita ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ba su koma ba sai 14 ga Oktoba. Gwamnatin Buhari ta riƙe albashi bisa ƙa'idar ba aiki ba biya, babu kuma wani asusu da ke ba malami abin da zai maye gurbin albashinsa. An ga masu digiri uku suna karɓar masara bashi a wurin mai shago, wasu sun sayar da mota, wasu sun koma gona. Duk da haka wata takwas aka yi, kuma umarnin kotu ne ya kawo ƙarshensa, ba yunwa ba. Matsa wa cikin ma'aikaci bai cika gajarta rikici ba, ya fi iya haifar da ƙullaci da hijirar ƙwararru.

Inda zan ba masu goyon bayan harajin gaskiya shi ne batun maguɗi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an buɗe ƙofa ba iyaka, wata rana za a ga shugabannin ƙungiya suna raba wa kansu alawus da sunan kuɗin yaji. Maganin wannan ba wuya. Albashin ma'aikatan ofishin ƙungiya albashi ne, a cire masa haraji. Abin da za a yafe kada ya wuce albashin da mutum ya rasa, kuma ya fito daga asusun da ake bincikar littafinsa. Amma sharaɗin da ƙungiya ke sawa cewa sai ka fito ka tsaya a bakin ƙofa kafin a ba ka, wannan bai mayar da kai ɗan ƙwadagonta ba. Dabara ce ta hana wani ya kwanta a gida, ko ya sulale ya koma aiki, yana cin gumin 'yan'uwansa. Haka nan albashin da aka riƙe aka zo aka biya daga baya, kamar na wata huɗu da gwamnatin Tinubu ta amince a sakar wa malaman jami'a, wannan albashi ne, harajinsa halal ne.

Wani zai ce me ya haɗa mu da rigimar ma'aikatan motocin Amurka, mu da ƙungiyoyinmu ba su saba biyan kuɗin yaji ba? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. An sa hannu kan sababbin dokokin haraji na Nijeriya a watan Yunin 2025, da nufin faɗaɗa komar haraji ta kamo duk wani kuɗi da ke shiga hannun mutum. An yafe naira 800,000 na farko a shekara, abin a yaba, amma malami da likita da ma'aikacin lantarki duk sun haura wannan layi. A jerin abubuwan da ake cirewa kafin a lissafa haraji akwai fansho da asusun gidaje da inshorar lafiya da rangwamen haya. Kuɗin ƙungiya ba ya ciki. Ke nan namu ma daga albashin da aka lissafa wa haraji yake fita. Ranar da wata ƙungiya ta yi hankali ta fara tura wa 'ya'yanta dubu hamsin-hamsin ta banki lokacin yaji, wa zai hana wani jami'in haraji na jiha ya ce wannan kuɗin shiga ne? A ƙasar nan kuma gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki. Ita ce abokiyar faɗan, ita ke riƙe albashi, ita ke aiko mai karɓar haraji. Kura ce za a ba ajiyar nama a ce ta yi adalci. Mutanen da suka ga yadda gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a 1979 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan abin da ke faruwa in aka bar mai iko ya fassara doka yadda ya ga dama.

Saboda haka ina ganin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC su nemi Majalisar Tarayya ta rubuta layi ɗaya ƙarara tun yanzu da babu rigima, cewa tallafin da ƙungiya mai rajista ta ba 'ya'yanta lokacin yaji, daga kuɗin da suka zuba, ba kuɗin shiga ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin su je majalisa kuma akwai tambayar da ya kamata 'ya'yansu su yi musu. Kowane wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya taɓa hannun mai shi, shekara da shekaru. Nawa ne daga ciki aka ware domin ranar da albashi zai tsaya, a wane banki yake, kuma wa ya taɓa ganin littafinsa? Ma'aikacin Ford da ke ƙorafin an yanki dala 500 ɗinsa aƙalla ya ga dala 500 ɗin. Malamin firamaren da ya yi watanni yana yaji a ƙaramar hukumarsa, nawa ƙungiya ta turo masa?